Bangon Condy Ya Ƙi Tsagewa

Mama, tun ranar da muka kai ki makwancinki a bayan coci, inda iskar teku take kwantar da ciyawa gefe guda, babu sauran mai ce wa Baba "Condy, zauna" ya zauna. Ke kaɗai kike da wannan muryar, kin kuma tafi da abarki. Bari in ba ki labarin abin da mijinki ya aikata a bayanki. Da kina nan da kin yi dariya har kin dafa tebur, sannan ki ɗauki tsintsiya ki bi shi.

Kin tuna yadda harajin gida yake a nan: mai gida ne ke faɗin darajar gidansa da bakinsa, a yanka masa haraji daidai da abin da ya faɗa. Kowa a layinmu ya sunkuyar da kai ya faɗi kaɗan. Neilie Toland na tsallaken hanya, in ka ji yadda ya kwatanta gidansa sai ka ce turken awaki ne. Amma Condy McColgan, da ya gina nasa da hannunsa da bulon da ya yi ta jigila daga can ƙetaren iyaka, sai ya ɗora shi a sahun gidajen likitoci. Ya kuma tsaya a ƙofar coci ranar Lahadi ya sanar da jama'a, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Sai ga maika ta bayyana, wannan ƙasar mai ƙyalli da ta ɓuya a cikin bulon yankinmu, mai shan ruwan sama har bango ya koma kamar busasshen burodi. Gidajen yankin namu na Inishowen suka shiga tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Sadie Harkin, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida babu bashi, ta koma kwana a ɗan ɗakin kwano mai taya a tsakar gidanta, don bangon kicin ɗinta ya fara magana idan iska ta taso. Bayan dogon kai-komo gwamnati ta ce duk gidan da injiniya ya tabbatar bulonsa na da cutar, an ɗauke masa haraji na wasu shekaru. Layinmu kaf aka ɗauke wa. Saura gida ɗaya.

A wani kanti a garin Carndonagh Baba ya ji labarin, burodi a hammata, ya ajiye shi a kan sikeli.

"Wannan shi ne adalci? Mutum ya yi gini na ƙwarai, shi za a ci tara. Masu gidan biskit kuma a shafa musu kai."

Neilie ya ce, "Mu yi musaya, Condy. Ka ɗauki nawa da yafiyarsa. Iska ma kyauta take shigowa, ba sai ka buɗe taga ba."

Sadie tana zaɓen albasa, ba ta ko juyo ba ta ce, "To ka je ka ce musu ka yi zuƙu mana. Ka rage darajar da ka sa wa gidan, harajin ya sauko."

"In buɗe bakina in ce gidana ya yi arha? Ni?"

"Ai kai ka buɗe shi ka ce ya yi tsada."

A hanyar komawa gida dabara ta zo masa, ta zo da ƙarfinta har sai da ya tsaya da mota a gefen titi. In ya rage daraja, ya ƙaryata kansa. Amma in aka ce bulo ne ke da cuta, laifin mai sayar da bulo ne, hannun magini na nan da tsarkinsa. Abin da ake bukata kawai shi ne gidan ya tsage. Kuma wa ya fi sanin yadda za a tsaga gida in ba wanda ya gina shi ba?

Washegari ya ɗauki kujera ya dasa a gaban gidan Neilie, yana kallon bango yana kanne ido ɗaya.

"Lafiya, maƙwabci?"

"Tsagarka nake nazari. Ba ta da tsari ko kaɗan. Ko lalacewa ba ku iya ba."

Ya koma ya kwaɓa gawayi da man girki, ya hau tsani ya zana tsaga a bangon gaba. Sai dai hannun da ya shekara arba'in yana daidaita kusurwa bai san yadda ake karkacewa ba. Ya ja igiyar awo, ya buga layi. Da ya sauko, bangon ya fito kamar littafin lissafin 'yan firamare. Kafin ya gama wanke hannu yayyafi ya sauko daga kan dutse, baƙin ya kwararo daga ƙasan tagogin nan biyu na sama.

Sadie ta tsaya da kwandon shanya a kunkuminta, ta daɗe tana kallo.

"Condy, gidanka kuka yake yi."

"Alamar farko ke nan ta cutar."

"Nawa bai yi kuka ba. Ni na yi."

Baba ya ce ai dama gwaji ne. Ya fito da guduma da cizal, ƙarfen sassaƙar bango. Bugu na farko cizal ya yi tsalle. Na biyu ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na uku wani ɗan ɓarɓashi da bai kai ƙwayar wake ba ya ɓalle, ya tsallaka hanya, ya shige ta gilashin ɗakin da Neilie yake renon tumatir. Neilie ya fito da cokali a hannu.

Baba ya ɗaga lanƙwasasshen cizal sama yana murmushi har kunne. "Ka ga gini ko? Ƙarfe ne wannan, dubi yadda ya durƙusa masa."

"Ba tsaga shi kake son yi ba?"

Murmushin ya koma ciki. "Shi nake yi. Kada ka raba mini hankali."

"Gilashina fa?"

"Ka sa a lissafin maika."

Duk da haka Neilie ya ara masa tarakta, don ya ce tun da aka rufe gidan rawa na garin bai sami abin kallo irin wannan ba. Baba ya ɗaura sarƙa a ginshiƙin baranda, ya hau, ya gyara hula. Ya yi wa 'yan kallo bayani cewa ba rushewa zai yi ba, girgizawa ce kaɗan, irin ta likita, wadda sai gwani.

Ya taka totur. Sarƙa ta miƙe ta yi ƙara. Tarakta ta ɗaga ƙafafun gaba kamar doki ya ga maciji. Ginshiƙi bai ko yi tari ba. Abin da ya karye shi ne ƙarfen bayan tarakta, ita kuwa da ta ji an sake ta sai ta zabura, ta bi ta igiyar shanyar Sadie, ta yafa zanin gado biyu da rigar barci, ta ture ƙyauren garke, ta je ta kwanta a cikin kwata. Tumakin Neilie suka fito a jere cikin natsuwa suka nufi hanyar coci. A tsallaken hanya kuma, saboda girgizar, wani yanki na bangon Neilie ya saki jiki ya zube a kan furanni.

Baba ya cire rigar barci daga fuskarsa. Ya dubi baraguzan Neilie, ya dubi ginshiƙinsa, idonsa cike da hassada.

"Wasu dai da sa'a aka haife su."

Kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, har layi ya fara zaton ya haƙura. Sai ga shi a ƙofar Sadie da baro, ya sa rigar zuwa coci. An riga an sauke bangon kicin ɗinta don kada ya faɗa wa wani, bulon na jibge a gefe.

"Sadie, ciniki na zo. Bulon nan nake so."

"Ka kwashe, Allah ya yi maka albarka."

"Saya zan yi."

Ta ajiye kofin shayinta a hankali. "Condy, tun rasuwar matarka Nuala kana cin abinci kuwa?"

"Ni ba na karɓar kyauta. Kuma ba kowanne nake so ba, sai mafi lalacewa."

Ya tsuguna yana zaɓe yana latsawa da yatsa kamar mai sayen tumatir. Wanda ya yi ɗan tauri ya jefar, ya ce wannan algus ne. Ya cika baro ya turo. Kin san hanyar da ke tsakaninmu da Sadie, duk tsakuwa ce. Kafin ya iso ƙofarmu babu bulo ko ɗaya a baron, sai yashi mai ƙyalli, kamar ya je bakin teku ya ɗebo.

Bai karaya ba. Ya fito da barguna, ya riƙa naɗe bulo ɗaya-ɗaya yana rungumowa a ƙirji, yana tafiya a hankali kamar mai kai jariri baftisma. Neilie ya cire hula da Baba ya zo wucewa.

"Mace ce ko namiji?"

"Matsa, kada ka yi mata atishawa."

Ya yi hayar injin yankan kankare daga gari. Niyyarsa ya cire bulo uku ko huɗu a bangon gefe, ya cusa na Sadie, ya shafe da yaɓe, in injiniya ya zo ya huda nan. Amma da injin ya fara ci, sai abin ya yi masa daɗi, ya ce shi bai taɓa yin ƙaramin aiki ba. Ya yanke wuri da saniya za ta shige ba ta goga ba, daidai ƙasan bututun hayaƙi, daidai bayan doguwar kujerar falo. Ya jera bulon Sadie yana lallashinsu, ya shafe ciki da waje, ya rataya tukunyar fure a kai don kada ya manta wurin.

Kuɗin kiran injiniya kuwa, Neilie ya ce ya isa biyan harajin har Baba ya tsufa ya manta sunansa. Baba ya ce ba maganar kuɗi ba ce, maganar gaskiya ce.

Shi da kansa ya bi gida-gida ya gayyaci mutane su zo su shaida. Suka zo kuwa, da kujerunsu da fulas ɗin shayi da burodi mai zabibi. Har shugaban ƙungiyar masu gidajen maika ya zo, wani dattijo mai sanda. Injiniyar, Orlaith Diver, matashiya ce mai takalmin roba, ta sauko da injin huda bango wanda yake zaro gunduwar bulo kamar an zaro ɓargo.

Baba ya tare ta da fuskar makoki. "Sannu da zuwa, 'yata. Gidan dai ga shi nan, sai addu'a. Bi ta nan gefe, inda furen nan yake."

"Ni nake zaɓen wurin da zan huda, Baba Condy."

"Ai taimaka miki nake yi."

"Na gode. Riƙe mini wayar wuta."

Ta kafa injin a bangon gaba. Injin ya yi ta gurnani, ya yi zafi, ta tsaya ta zuba masa ruwa, ta sake kafawa. Da ƙyar gunduwar ta fito, sumul, ko gefe bai ɓantare ba. Ta juya ta a hannu, ta ƙwanƙwasa da ƙarfe, ta yi ƙara kamar ƙararrawa.

"Na shekara ina huda bangaye a yankin nan, ban taɓa cin karo da bulo irin wannan ba. Wa ya yi ginin?"

Ƙirjin Baba ya taso har maɓalli ya nemi tsinkewa. "Ai na sha gaya musu, hannun nan da kike gani…" Sai ya haɗa ido da Neilie. Ya saki kafaɗa. "Wato, kaico. Daga waje ne kawai. Cutar tana ciki."

"Daga ciki na zaro shi."

"Can ciki-ciki."

Ta huda kusa da baranda, haka. Ta huda ɗaya gefen, har bakin injin ya dakushe. Kowace gunduwa ta fito, fuskar Baba sai ta rabu biyu, rabi na biki rabi na jana'iza. Jama'a suna ta miƙa wa juna burodi. Daga ƙarshe Baba ya kama hannun rigarta ya ja ta har gaban tukunyar fure.

Ta dubi yaɓen. Launinsa daban, ga shi da sheƙin danshi.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Tun ba a haife ki ba."

Ta danna babban yatsa, yatsan ya bar shaida. Ta dube shi, ya dubi sama.

"Haka maika take yi," in ji shi. "Tana mayar da siminti yaro."

"Ba zan huda nan ba."

"To ni zan nuna miki."

Kin san abin da masu gidajen maika suke yi a wurin zanga-zanga, su ɗauki bulo su murƙushe da hannu a gaban jama'a don a gani. Baba ya daɗe yana kallonsu a talabijin yana cewa ba su iya tsayuwa ba. Ya naɗe hannun riga, ya juya ga jama'a.

"Ku shaida. Gidan da na zuba ƙuruciyata a ciki, ku ga abin da ya zama."

Ya ja da baya, ya kai wa bangon naushi da dukan ƙarfinsa.

Hannun ya shige har kafaɗa. Kafaɗa ta bi hannu, Baba ya bi kafaɗa. Facin gaba ɗaya ya sulale kamar an zare masa rai, ƙura mai ƙyalli ta tashi ta rufe wurin, tukunyar fure ta biyo baya aka ji ƙararta a kan wani abu mai taushi. Da ƙura ta lafa, sai ga falonmu a buɗe ga duniya: agogon bango, hoton aurenku, da ƙafafun Baba biyu a sama a kan doguwar kujera, takalmi ɗaya babu.

Sadie ta taso, ta sunkuya ta ɗauki wani guntu da ya rage, ta goge shi da gefen rigarta. Gefensa ɗaya shuɗi ne.

"Wannan fentin kicin ɗina ne. Ni na shafa shi da hannuna, shekarar da na haifi Bríd."

Dattijo mai sanda ya gyara tsayuwa. "Shekara nawa muna roƙo a raba mu da bulon nan. Yau na ga wanda ya saya ya kai gidansa."

"A bargo," in ji Neilie. "Kamar jariri."

Dariyar ta fara ne daga baya, ta taso kamar igiyar ruwa har wata tsohuwa ta ƙware da shayi. Injiniyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai tana kallon saman ramin, inda bututun hayaƙi da sauran bangon suke tsaye a kan iska, babu ko tsagar da gashi zai shiga.

"An cire masa ciki, ga nauyi a kansa, bai ko motsa ba," ta ce. "Gidan nan lafiyarsa ƙalau. Haraji dai sai an biya."

Daga cikin ƙura aka ji muryar Baba, tana fita da tari.

"Me ta ce? Bai motsa ba?"

"Bai motsa ba, Condy," in ji Sadie.

"Ku gaya mata ta rubuta haka. Da manyan baƙaƙe."

Sadie ta leƙa ta ramin, guntun shuɗin nan yana hannunta. "Ka ba ni bango ɗaya irin naka, Condy, ni zan biya harajinka har in mutu."

Baba ya sauke ƙafafunsa daga kan kujera. Ya tashi zaune yana kakkaɓe fure daga gashinsa.

Amma kin san mijinki. Kafin mako ya zagayo ya toshe ramin da bulo na ƙwarai, ya sa takardar injiniya a gilashi ya rataya kusa da hoton aurenku. Ya biya harajin yana waƙa. Yanzu cewa yake duk abin da ya yi da gangan ne, don a gwada gidan a gaban shaidu, kuma in lokacin sake faɗin daraja ya zo sama zai ƙara. Ya kuma sanar da Sadie cewa shi zai tayar mata da bangon kicin, ko tana so ko ba ta so, don ba zai iya zama kusa da aikin banza ba. Tun da kika tafi ban ga ya cinye abincinsa ba sai a 'yan kwanakin nan.

Jiya da rana na shiga ɗakinki na baya, wanda ya ƙara miki cikin gaggawa shekarun da ciwo ya fara hana ki hawa bene, da bulon da ya samu nan kusa don babu lokacin tafiya nesa. Injiniya ba ta kai nan ba, Baba ya ce ba a taɓa wannan. Na shiga ne kawai in buɗe taga ɗakin ya sha iska. Ƙamshin man shafawarki yana nan a labule. Na ja gado in share ƙarƙashinsa, sai na ga wata tsaga a bayan allon gadon, siririya, ta taso daga ƙasa ta karkace ta nufi taga, irin karkacewar da hannun Baba ya kasa zanawa. Na sa farce. Bangon ya biyo farcena kamar gari, yatsana ya fito yana ƙyalli a hasken rana.

Abin da ya yi ta nema da guduma da tarakta, ga shi a inda kike aza kanki. In na faɗa, wataƙila a ɗauke masa harajin, a kuma zo da injin a sauke ɗakin. Ta taga ina jin muryarsa a bakin hanya, ya tare mai kawo wasiƙu yana ba shi labarin gidan da babu tsaga ko ɗaya a jikinsa.

Na mayar da gadon inda yake, Mama. Na goge yatsana a wando. Ban gaya wa kowa ba tukuna.